Muhawara: Waƙoƙin tallan Japan, daɗinsu ne ya raya su ko kuɗin kamfani?

Malam Sani: Salamu alaikum 'yan uwa. Zancen da muka taɓo jiya bai ƙare mini ba, don haka bari in faɗi matsayina a fili. Waƙoƙin tallan talabijin na Japan da kuke ta yabo, ba daɗinsu ne ya sa suka zauna a kan mutane ba. Maimaici ne, kuma da kuɗi ake sayen maimaici. Haɗa tallan rediyo sana'ata ce. Ku ba ni daƙiƙa 15, wato tsawon yawancin tallansu, a biya a riƙa sakawa safe da rana da dare, ko me na rera sai yara sun haddace.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Ɗauki "Christmas Eve" ta Yamashita Tatsuro, wadda ta fito a 1983. Kamfanin jirgin ƙasa na JR Tokai ya sa ta a tallansa daga 1988: budurwa a tasha tana jiran saurayinta da zai sauka daga jirgin nan mai gudun tsiya, shinkansen. Jerin tallan ya tsaya a 1992, in ka cire wanda aka sake yi a 2000. Amma lokacin da nake karatu a Nagoya, da Disamba ta kama, kanti da tasha da gidan abinci duk ita ce ke tashi. Wa yake biyan kuɗin wannan?

Malam Sani: Injiniya, ai hujjata ka kawo mini. Waƙa ta fito a 1983, ba ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Oricon, wato jerin waƙoƙin da suka fi ciniki a Japan, ba sai Disambar 1989, bayan tallan ya game ƙasa. Shekara shida tana nan da daɗinta, me ya hana ta hawa?

Injiniya Bashir: Ba kwance take ba. A 2016 kundin Guinness ya shaida cewa ta yi shekara 30 a jere tana shiga cikin ɗarin farko, kuma daga 1986 aka fara ƙirgen. Wato kafin kamfanin ya taɓa ta, mutane sun riga sun fara nemanta duk ƙarshen shekara. Kamfanin ya ga abin da ke tafiya ne ya hau.

Ummi: Baba Sani, a yi mini afuwa in sa baki. In maimaici ne kaɗai, me za ka ce da 2011? Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris, kamfanoni suka janye tallansu don juyayi, tashoshi suka cike gurbin da saƙonnin wayar da kai na ƙungiyar AC Japan. An maimaita su har ba iyaka, musamman wani mai 'yar waƙa da ke koya wa yara gaisuwa. Mutane suka yi ta kai ƙorafi, har ƙungiyar ta cire ɗan sautin sunanta da ke rufe kowane saƙo.

Malam Sani: Amma sun haddace ko ba su haddace ba, 'yata?

Ummi: Sun haddace, Baba. Sai dai a haddace abu daban, a fita a saye shi da kuɗin aljihu daban.

Hajiya Rabi: Ku bar ni in yi ɗan tsawo, don akwai abin da duk kuka tsallake. Akwai wani abin shan ƙara kuzari mai suna Regain, na kamfanin magunguna na Sankyo. A 1989 tallansa waƙa ce mai kiɗa kamar na faretin soja, tana tambayar ma'aikacin kamfani ko zai iya fafatawa awa 24 ba hutu. A shekarar nan Japan tana kan ganiyarta. Kasuwar hannun jarin Tokyo ta kai ƙololuwa a ƙarshen Disamba, kamfanoninsu na sayen manyan gine-gine a Amurka, ma'aikaci na alfahari da kwana a ofis. Waƙar ta shiga bakin kowa domin abin da mutane ke ji a ransu ke nan, duk da cewa a daidai lokacin ne ake ta maganar ma'aikatan da yawan aiki ke kashewa. Ni wannan ɓangaren yana sosa mini rai, don ba ƙaramin abu ba ne a mayar da wahalar mutum waƙar kirari.

To, shekara goma bayan haka, 1999. Kasuwa ta rushe, babban kamfanin hada-hadar hannun jari na Yamaichi ya durƙushe a 1997, ana sallamar ma'aikata. Sai Regain ɗin nan dai ya dawo da kiɗan fiyano zalla na Sakamoto Ryuichi, "energy flow", a hankali, babu ko kalma ɗaya. Ya hau matsayi na ɗaya a Oricon, karo na farko da faifan kiɗa marar waƙa ya yi haka, kuma an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Malam Sani, suna ɗaya, kamfani ɗaya. In kuɗi ne kawai, me ya hana su dawo da tsohuwar waƙar su ninka maimaicin? Sun san gajiyayyun mutane ba za su karɓe ta ba.

Ɗanlami: Hajiya, kin yi magana. Amma ni ina bayan Malam a kan waƙar tallan kamfanin Hitachi, wadda ake nuna wata babbar bishiya a cikinsa. A 1973 aka fara rera ta, Kobayashi Asei ne ya tsara kiɗan, sunayen rassan kamfanin na wucewa a fuskar talabijin. Bishiyar ma ba a Japan take ba, tana lambun Moanalua a Hawai, kuma 'yan yawon buɗe ido daga Japan na zuwa musamman don su gan ta. Wane zamani wannan ta kama? Shekaru kawai ta tara, kaka ta ji, jika ya ji.

Injiniya Bashir: Ɗanlami, ka lura da wani abu kuwa? A allo ake rubuta sunayen, waƙar kanta a kan bishiya take. Wannan tsohuwar ɗabi'arsu ce. Wadda ake ɗauka a matsayin waƙar talla ta farko a ƙasar, wadda Miki Toriro ya yi wa kamfanin kayan hoto na Konishiroku a rediyo a 1951, ba ta ambaci sunan kamfanin ba sam. Tun kafin tashar talabijin mai talla ta farko, Nippon TV, ta buɗe a 1953, sun gane cewa sai waƙa ta tsaya da ƙafarta mutum zai ɗauke ta ya kai gida.

Malam Sani: Hajiya, na ji batun zamani, kuma gaskiya ne mai talla na shinshinar zuciyar jama'a kafin ya zaɓi waƙa. Amma zaɓin nan fa shi ne damuwata. Daga ƙarshen shekarun 1970, kamfanonin kayan kwalliya Shiseido da Kanebo suka shiga gasa, kowane sabon jan-baki da waƙarsa, ana rubuta sunan mawaƙi a gefen allo. Kamfanin faifai ya samu talla, mai kwalliya ya samu tauraro. Mawaƙi ya zama kamar makaɗin fada, ba a jinsa sai ta ƙofar ubangida. Har rubutun waƙa ya karkata, ana fara gina amshin da zai shiga daƙiƙa 15 kafin a yi sauran baitoci. Wanda bai samu kamfani ba fa, wa ya ji tasa?

Hajiya Rabi: Wannan ƙorafin na karɓe shi, an danne wasu. Amma kamfanonin biyu sun yi shekaru suna fitar da waƙa kusan kowane yanayi, duk da kuɗi mai yawa a bayansu. Nawa ake rerawa yau? 'Yan kaɗan. Sauran sun bi jan-bakin da suka tallata.

Malam Sani: 'Yan kaɗan ɗin kuma duk ta ƙofar talla suka shigo, Hajiya. Ga aiki nan na ba ku: ku duba waƙoƙin da suka fi ciniki a Japan daga 1990 zuwa 1995, ku ware waɗanda ba a haɗa su da talla ko wasan kwaikwayon talabijin ba. Injiniya, kai ka iya karanta rubutunsu, kai za ka kawo mana.

Injiniya Bashir: Na karɓa, Malam, da sharaɗi ɗaya. Zan haɗa da jerin waɗanda aka haɗa da talla a shekarun nan amma suka kasa shiga ko goman farko, mu ajiye su gefe da gefe.