Hasken wata da na dutsen tsafi sun ƙi jituwa a hotona na Blender

Matashin Mai Zane ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina haɗa wani hoto na duniyar almara a Blender, manhajar zanen 3D, da Cycles, injinta mai lissafa haske ya fitar da hoto. Wata bokanya ce tsaye a tsakiyar rusasshiyar fada da tsakar dare, ta ɗaga wani dutse mai fitar da koren haske daf da fuskarta, farin wata kuma yana leƙowa ta inda rufin ya rufta. Na saka fitilu har shida domin kada wani sashe ya ɓace cikin duhu, amma hoton ya fito a shafe, ba zurfi, ba kwarjini, inuwoyi kuma sun tsattsaka juna a ƙasa. Shi dutsen ya koma fari fat maimakon kore, kuma duk ƙoƙarina na fitar da zaren hasken wata a cikin iska ya ci tura. Ta ina ya kamata in fara gyara?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da kashe fitilun nan shida gaba ɗaya, ka bar wurin cikin duhu, sa'an nan ka tambayi kanka wane haske ne shugaba a wannan hoton. A ganina dutsen ne, domin a kansa labarin yake. Kunna shi shi kaɗai, ka gyara shi har fuskar bokanyar ta ba ka abin da kake so, kafin ka yarda wata fitila ta shigo. Kowace fitila da ka ƙara tana cike inuwar da wata ta jefa, kuma inuwa ce take nuna wa ido cewa hanci ya tashi, kumatu sun lotsa, ginshiƙi kuma yana da kauri.

Abu na biyu shi ne yadda haske yake raguwa da nisa. Idan nisa ya ninka biyu, abin da yake isa wurin kashi ɗaya ne cikin huɗu. A ce dutsen yana da tazarar santimita 30 daga fuskarta, bango kuma yana can mita 3, to, bangon zai samu kashi ɗaya cikin 100 na hasken da fuskar ta samu. Wannan ba aibi ba ne da za ka rufe da ƙarin fitila, shi ne ainihin abin da zai sa fuskar ta fito daga duhu ta riƙe mai kallo. Dubi zanen Caravaggio ko na Rembrandt, masu zane na ƙarni na 17, za ka ga sau da yawa babban sashen allon duhu ne, amma ba wanda yake cewa an ɓoye masa wani abu.

Game da inuwa kuwa, girman fitila ne yake tantance kaifinta ko taushinta, ba ƙarfinta ba. Ƙaramin dutse zai jefa inuwar yatsunta da kaifi a kan wuyanta da haɓarta, kuma tunda hasken daga ƙasa yake tasowa, inuwar hanci za ta haura zuwa goshi, abin da ido bai saba gani ba, shi ya sa yake tayar da tsikar jiki. Idan kaifin ya yi yawa, ƙara faɗin fitilar kaɗan kaɗan, kada ka taɓa ƙarfinta.

Farin da dutsen ya yi kuma ba laifin kowa ba ne. Tun daga Blender 4.0 da ta fito a 2023, tsarin launi na AgX ne yake zuwa a kunne, kuma an gina shi ne yadda abu mai tsananin haske zai karkata zuwa fari, kamar yadda yake faruwa a kyamara. Bar tsakiyar dutsen da farinta, koren zai bayyana a gefensa da kan tafin hannunta da mayafinta. In kuwa lalle sai ka ga kore a jikinsa, rage ƙarfin hasken jikin dutsen, ka saka ƙaramar fitila a cikinsa ta yi aikin haskawa, sannan ka kashe wa dutsen jefa inuwa domin hasken ya samu hanyar fita. Wannan dabarar tana kuma rage ɗige-ɗigen da ƙananan abubuwa masu haske suke haddasawa a Cycles.

Gimbiyar Launi ta amsa:

Na yarda da Malam a kan kusan komai, sai dai ba na son a raina watan. Idan kore ne kaɗai a hoton, ido zai gaji da wuri, fatar mutum kuma a ƙarƙashin tsantsar kore takan yi kamar ta gawa, sai fa idan abin da kake nufi ke nan. Yi amfani da fitilar rana, wato nau'in fitilar Blender mai kwaikwayon rana, a matsayin wata, ka sa ta a bayan bokanyar daga sama, domin ta zana siririn layin haske a kafaɗarta da gefen mayafinta, ta raba ta da duhun bango. Faɗin wata a sararin sama kusan rabin digiri ne, daidai da na rana, kuma fitilar ranar Blender tana zuwa da digiri 0.526, saboda haka kada ka tausasa inuwarsa da yawa.

Hasken wata a zahiri ba shuɗi ba ne, ko da yake ido yakan gan shi haka; hasken rana ne da ya dawo daga jikinsa. Ƙwayoyin idon da suke aiki cikin duhu ne suka fi jin shuɗi da kore a kan ja, abin da masanin nan ɗan ƙasar Cek, Jan Purkinje, ya lura da shi a ƙarni na 19. Don haka shuɗi mai ɗan toka-toka ya isa. Sai dai shuɗi da kore maƙwabta ne, za su iya narkewa cikin juna. Da ni ce, da na karkatar da koren dutsen zuwa rawaya, ko in ajiye garwashi mai ja a wani lungu can nesa.

Matashin Mai Zane ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Na rage fitilun zuwa biyu, fuskar ta fito sosai. Amma da na ƙara wa watan ƙarfi domin layin kafaɗar ya bayyana, sai daɓen fadar ya yi haske har ya janye ido daga dutsen. Zaren hasken kuma, da na zuba hazo a duniyar hoton baki ɗaya domin ya fito, sai watan ya ɓace ɗungurungum.

Bazazzagi ya amsa:

Watan ya ɓace ne saboda Blender tana ɗaukar fitilar rana a matsayin abu mai nisa marar iyaka, don haka hazon da ya cika duniya yana shanye haskenta kafin ya iso. Yi babban akwati da zai rufe fadar kaɗai, ka zuba hazon a cikinsa, ka fara da kauri kaɗan ƙwarai, kamar ƙurar hunturu a ranar da take shirin washewa, kana ƙarawa a hankali. Zaren ba zai fito ba sai akwai abin da yake yanka hasken, saboda haka matse ramin rufin, ka bar karyayyun azara a bakinsa. Akwai kuma ma'aunin da yake sa hazo ya watsa haske gaba maimakon ko'ina. Ɗaga shi zuwa wajen 0.5, ka juya kyamara ta ɗan fuskanci inda watan yake.

Maganar daɓen kuwa, Cycles a Blender 4.0 ta zo da damar ɗaure fitila da wasu abubuwa, ta haska su su kaɗai. Kwafi fitilar watan, ka ɗaure kwafin da bokanyar ita kaɗai ka ba shi ƙarfin da kake so, asalin kuma ka rage shi domin daɓe da hazo. Kawai ka tabbata kusurwarsu ɗaya ce, in ba haka ba layin kafaɗarta zai nuna wata a gabas, inuwar ginshiƙai kuma ta nuna shi a yamma. Bayan haka cire launin hoton ka dube shi a baƙi da fari, ka turo mana, mu ga ko fuskar ce ta fi komai haske bayan dutsen.