Alhaji ya ce a rage ƙaramar leda a koma gwangwani, ya zan yi?

'Yar Sharaɗa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani kamfanin garin kunun gyaɗa a Kano, ni ce ke tsara girman leda da farashi tare da masu sayarwa. Abin da ya fi tafiya a kayanmu shi ne ƙaramar leda, wadda mai shago ke ratayawa a jere, uwa ta sayi ɗaya da safe ta dama wa yara. Mai kamfanin ya dawo daga tafiya da wani gwangwani mai ƙyalli, ya dire shi a kan tebur a wurin taro, ya ce daga yanzu irinsa za mu yi, a rage leda domin tana zubar mana da daraja. Kowa ya ce "haka ne, ranka ya daɗe", har da waɗanda suka biyo ni ofis daga baya suna cewa ba zai yiwu ba. Injin rufe gwangwani kuɗi ne mai yawa, kuma dilolinmu ba su taɓa tambayarsa ba. Idan kaya suka kwanta ni za a tuhuma. Alhaji sa'an mahaifina ne, ba na son yi masa rashin kunya, kuma shirun yana damuna.

Tsohon Manaja:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki musa masa a gaban jama'a. Babban da ya furta magana a taro, ko ya gane kuskure, da wuya ya janye a nan take. Ki same shi shi kaɗai, ki fara da tambaya: "Alhaji, wa kake so ya sayi wannan gwangwanin?" Kalmar daraja da ya ambata ita za ki bi. Wataƙila so yake ya ga kayansa a manyan kantuna kusa da na waje, kuma wannan buri ne mai kyau. In haka ne, gwangwani hanya ɗaya ce kawai. Babbar leda mai zif wadda ke tsayuwa da kanta za ta iya kai ku can da kuɗi kaɗan. Sannan ki lura umarni biyu ya bayar. Ƙara sabon kaya abu ne da ake gwadawa a janye. Rage ledar da ke ciyar da kamfanin kuwa, in an yi, gyaransa da wuya. A kan na biyun za ki tsaya da ƙarfinki.

Ɗan Singa:
Hajiya, ni dila ne, bari in faɗa miki yadda abin yake a wurinmu. Ƙusar da mai shago ke rataya kayanki ba ta kwana babu komai. In ledarki ta yanke mako biyu, ta wani ta hau, kuma yara sun saba da sabon ɗanɗano. Ki tuna yadda Cowbell ta shigo Najeriya a 1993, lokacin da madarar gari ta fi yawa a gwangwani: ƙaramar leda ce ta kai ta hannun mai sayen na yau da kuɗin yau. Ki ɗauki manyan dilolinku biyu ki kai su gabansa. Abin da zai ji daga bakin wanda ke biyan kuɗin mota guda ta kaya, ba zai ji shi daga bakin ma'aikaciya ba.

Maman Hanif:
Ki rubuta takarda shafi ɗaya tak. Kuɗin inji, kuɗin gwangwani ɗaya, ribar katan na leda da ta katan na gwangwani, da lokacin da za a ɗauka kafin NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta amince da sabon mazubi da lakabinsa. A ƙasa ki kawo gwaji: a sayo gwangwanaye kaɗan, a ba mai inji haya ya rufe, a saka a wasu kantuna na wata uku. Ku amince tun yanzu a kan abin da za a kira nasara, kuma ma'aunin ya zama sake oda, domin odar farko ana yin ta don kara. Bayan kun rabu ki tura masa saƙo da abin da aka tsayar. Ko Amazon ta sha wannan: wayar Fire Phone ta 2014, wadda Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin, ya sa hannu sosai a tsarinta, ta ƙi sayuwa har kamfanin ya rubuta asarar dala miliyan 170.

Baban Khalifa:
Ni ina da ja kaɗan. Duk kun ɗauka Alhaji ne bai gane ba. Mutumin da ya gina kamfani da guminsa yana iya hango abin da lissafi bai nuna ba. A 1985 Coca-Cola ta canza ɗanɗanonta bayan ɗanɗanawar gwaji kusan 200,000, jama'a suka ƙi, cikin kwana 79 aka dawo da tsohon. 'Yar'uwa, ki shiga gwajin da zuciya ɗaya. In ya saurare ki ya ce duk da haka a yi, dukiyarsa ce. Ki yi aikin da kyau, kada ki riƙa jan ƙafa kina jiran ya faɗi.

'Yar Sharaɗa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da ya rage shi ne Alhaji ba ya karanta takarda, ajiyewa yake a aljihun tebur.

Tsohon Manaja:
To ki nemi wanda yake jin maganarsa, akawun da ya daɗe da shi ko babban ɗansa, ki fara nuna masa lissafin. Ranar da za ki shiga, ki riƙe katan ɗin leda da gwangwanin nasa, kowanne da ribarsa a rubuce a jiki, ki karanta masa da bakinki.