Masu koyon jitar jaz ta waya a Zaria, ku zo mu ji yadda kuke fama

Na Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gareni ga duk mai koyon jita ta intanet, musamman jaz. Ni dai na daɗe ina kaɗa kod ɗin nan (muryoyi da ake kaɗawa tare) na kowa da kowa, C da G da Am da F, sai na faɗa YouTube na ci karo da jerin kod uku da suke cewa 2-5-1, na haddace su, wato Dm7, G7, Cmaj7, na haddace sikel (jerin muryoyi daga ƙasa zuwa sama) ɗin nan bakwai su Dorian su Mixolydian, yatsu kam alhamdulillah suna gudu, amma da zarar na kunna kiɗan rakiya nace to bari in ƙaga nawa nan take sai inji kamar mutum ne ke hawa bene yana saukowa, babu waƙa a ciki ko kaɗan. Ni kaɗai ne ko kowa haka yake ji?

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Kai ɗan'uwa ba kai kaɗai bane wallahi. Ni abin da ya cinye min lokaci yawan bidiyo ne, yau wannan malamin yace sikel, gobe wancan yace manta da sikel riƙe afejiyo (kaɗa muryoyin kod ɗaya bayan ɗaya), jibi wani yazo da sirrin da ba'a taɓa gaya maka ba, ka cika waya da su ba wanda ka zauna a kai. Abin da ya fidda ni shi ne na bar kallo na koma saurare. Na ɗauki solon (inda makaɗi ke ƙaga nasa shi kaɗai) makaɗin jitar jaz Charlie Christian, wanda ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, na rage gudun zuwa 0.5, gaɓa huɗu kacal nake ɗauka, in rera da baki tukuna har ta zauna sannan in neme ta a wuyan jita. Ranar farko haushi kamar in jefar da wayar. Amma fa gwanin jitar jaz Wes Montgomery kansa da haka ya fara, solon Christian ya riƙa kwaikwaya daga faifai, ba wani darasi.

'Yar Kongo:
Ku kuna maganar sikel ni data ce ta isheni. Sai dare nake saukewa lokacin da netwok ya ɗan saki, in sa ingancin bidiyon a 360 don kar ta ƙare, to a 360 kuma yatsun malamin duk sun haɗe ba ka gane ko firet (layin ƙarfen da ke wuyan jita) na biyar yake ko na shida ba, dole ka koma 720 kana kallo megabait na tafiya. Ga ɗakin kwanan ɗalibai, mutum ya dawo daga lakca yana so ya kwanta ke kina ƙwanƙwasa masa abu ɗaya sau ba adadi. Shi yasa na ajiye fik, ɗan robar kaɗa tsirkiya, na koma babban yatsa, sautin ya fi laushi, daga baya naji ashe Wes ma don kar ya dami mutane da dare ya koma kaɗawa da babban yatsa. A gida kam Mama ta san akwai jita, Baba bai sani ba, in an yi hutu wajen ƙawata nake barin ta.

Mai kibod, Sabon Gari:
Oga na Samaru, 2-5-1 ɗin da kake wahala a kai mu re-so-do muke ce mata kuma duk Lahadi sai mun kaɗa ta a coci, yaro ɗan shekara sha biyu ma ya san ta a kunne. Matsalarku ku 'yan YouTube ku kaɗai kuke kiɗa a ɗaki. Manhajar kiɗan rakiya ta iReal Pro tana da kyau ban ce ba, amma ba ta jin ka, in ka ɓata ba za ta kalle ka ba, in ka yi abu mai daɗi ba za ta amsa ba. Wani ya taɓa zuwa riyasal ɗinmu, kod ɗinsa manya manya tsirkiya shida duka, ya cika wurin har mai bes ya tsaya yana kallonsa. Nace masa malam rage, bar wa mai bes tushen kod ɗin, kai riƙe noti biyu ko uku. Sannan metironom, abin ƙirga bugun kiɗa, ku sa shi ya buga a 2 da 4 ba 1 da 3 ba, nan suwin, rausayar jaz, yake.

Ɗan Hanwa:
Ni na gwada biyan malami kai tsaye, wani a New York. Farko katin naira yaƙi wucewa sai da wani abokina ya biya min na tura masa. Sai lokaci, awa shida ne tsakaninmu in suna sanyi, biyar in suna zafi, shi kuma sai yamma yake da sarari, wato ni ƙarfe ɗayan dare ko biyu ina zaune da fawabank ina addu'a kar a ɗauke wuta fanka ta tsaya. A Zoom in baku kunna saitin nan na ainihin sauti na mawaƙa ba zai ɗauka jitar hayaniya ce ya riƙa yanke ta, kuma ku manta da kaɗawa tare, jinkirin ba zai bari ba, shi yayi ka ji, kai kayi ya ji.

Amma abu ɗaya da ya nuna min ya biya kuɗin. Yace ajiye sikel, a kowane kod nemi noti na uku da na bakwai kawai. Dm7 F ne da C. G7 B ne da F. Cmaj7 E ne da B. To duba, C ɗin Dm7 ta sauko rabin taki ta zama B ta G7, F ɗin G7 ta sauko rabin taki ta zama E ta Cmaj7. Firet ɗaya ɗaya kenan, yatsa ma baya wani tafiya. Ya sa ni nayi ta kaɗa waɗannan kaɗai, noti ɗaya a gaɓa, ba kiɗan rakiya ba komai, kuma wallahi kana jin kod ɗin na canzawa. Daga nan sai ka fara saka ado tsakani amma ka tabbata ka sauka a kansu. Na Samaru gwada wannan kafin ka sake buɗe wani bidiyo.

Na Samaru:
Tab. Yanzun nan na ɗauko jitar na gwada C zuwa B ɗin nan, kai jama'a. Allah ya saka Yaya.

Baba na Wusasa:
Yarana sannunku. Mu lokacinmu kaset ne, ka mayar baya da biro don kar batir ya mutu, hailaif muka fara kafin mu san wani jaz. Ku da kuke da maɓallin rage gudu ban ga abin kuka ba. Wanda ke cewa yatsunsa gajeru ne ya je ya nemi makaɗin jitar jaz Django Reinhardt, gobara ta ƙona masa hannun hagu a 1928, da yatsu biyu yake solo. Shawarata a kan kayan aikin ce. Hunturun Zaria baya raga wa katako, wuyan jita na bushewa har bakin firet ya fito yana yankar hannu, wani lokaci fuskar ta tsage. Ku riƙa mayar da ita cikin jaka, ku sa ɗan soso mai laima a roba mai huji a ciki, kar ya taɓa katakon. Da damina kuma tsatsa, a goge tsirkiya da ƙyalle duk an gama.

Ɗan cikin gari:
Baba Allah ya ƙara girma. Ni nawa ra'ayin daban ne, inaga muna wahalar da kanmu wajen son mu zama 'yan Amurka. Na taso ina jin garaya da gurmi, yawancin kiɗanmu a kan murya biyar yake, kuma ita ce dai fentatonik ɗin da ake sayar mana a darasin bulus. Marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa kuma ba wanda ya taɓa cewa kiɗan bai cika ba. Ku saurari makaɗin jita Lionel Loueke ɗan ƙasar Benin, ya yi makarantar kiɗa ta Berklee, ya yi aiki da gwanin jaz Herbie Hancock, amma kana jinsa ka san daga ina ya fito. Ni yanzu amshin waƙoƙin da na sani tun ina yaro nake ɗorawa kan bulus mai gaɓa 12, yana zama daram.

Ɗan Tudun Wada:
A kan bulus zai zauna malam, ban musa ba. Amma ɗauki waƙar da kod ke canza gida duk gaɓa biyu ka tsaya a murya biyar ɗin ka gani, za kaji ana tafiya an barka. Shi Loueke ai sai da ya koyi nasu ɗin tsaf sannan ya zuba nasa.

Ɗan cikin gari:
To ai ban ce kar a koya ba, cewa nayi kar a jira sai an gama koyo, don ba'a gamawa.

'Yar Kongo:
Ku bar musu haka. Wa ya san inda ake samun tsirkiya mai santsi ɗin nan, filatwan, wadda bata ƙara in ka ja yatsa? Na zaga Sabon Gari duk masu kaushi ake miƙo min.

Mai kibod, Sabon Gari:
Ƙanwata wannan sai dai a yi miki oda daga Legas ko Abuja, kuma da tsada, ki haɗa kuɗi da wasu a kawo gaba ɗaya. Wanda ke son gwada re-so-do ɗinsa da mutane ya zo ranar Asabar bayan la'asar muna riyasal, akwai ganga akwai bes, amfilifaya ɗaya ce dai sai a riƙa karɓa-karɓa, kowa ya taho da kebul ɗinsa.