Ɗan hakin da ka raina: wa ake wa wannan magana?

Uwar Biyu, Gusau: Assalamu alaikum. A Islamiyya malamarmu ta kai Suratul Fil, ta rufe darasi da "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido." Wai tsuntsayen da suka jefi rundunar Abraha su ne hakin. Ni dai raina bai kwanta ba. Haki iska ke kwaso shi, tsuntsayen nan kuwa aiko su aka yi. Maganar ta dace a nan?

Malamin Zaure, Gwandu: Wa alaikumus salam, Hajiya. To ita iskar wa ke aiko ta? Abraha ya taso daga Yaman da giwa zai rushe Ka'aba, a shekarar da aka haifi Manzo (SAW). Kuraishawa ko takobi ba su zare ba, kan duwatsu suka hau. Abdul Muɗɗalib ma raƙumansa da aka kwace ya je nema, ya ce Ɗakin yana da Mai shi. Malamarku ta yi daidai.

Na Jega: Allah gafarta Malam, amma Hausawan nan su ne suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wanne za mu kama? Mu a kasuwa mai jari ke kwashe albasa, mai kwando ɗaya sai kallo.

Malamin Zaure: Alhaji, waccan al'adar duniya take faɗa, kuma mafi yawan lokaci haka ne. Amma duba Baƙara aya ta 249. Ɗalutu ya fita da runduna, aka jarraba su da kogi, suka sha sai kaɗan. Kaɗan ɗin ne suka fuskanci Jalutu, Annabi Dawuda ya kashe shi. A Badar musulmi 313 ne, abokan gaba wajen 1,000. Sai ga Hunaini, shekara ta 8 bayan Hijira, musulmi 12,000, yawan ya burge su, da aka yi karon farko suka watse. Suratut Tauba aya ta 25 ta faɗe shi ƙarara. Ranar nan idon masu gaskiya hakin ya tsone.

Baban Ladi, Zuru: Malam, bari in sa baki daga namu ɓangaren. A Littafin Mahukunta na cikin Baibul, sura 7, Gidiyon ya tara mutum 32,000 don yaƙar Madayanawa. Allah ya ce sun yi yawa, kada su ce hannunsu ne ya cece su. Matsorata suka koma gida, saura 10,000, aka kai su bakin ruwa aka sake tacewa, saura 300. Makamansu ƙaho ne da tulun da aka ɓoye wuta a ciki. Sai dai a ganina karin maganar ba ta kai nan ba. Ita mai raini take ja wa kunne. Labarin Gidiyon kuwa mai nasara ake hana wa fahariya.

Uwar Biyu: Yauwa Baba, abin da ke cina ke nan! Karin maganar ko sunan Allah ba ta ambata ba.

Kaka Na Argungu: Yara, ku saurara. A Tabkin Kwatto, 1804, Yunfa Sarkin Gobir ya taho da dawaki da lifidi, jama'ar Shehu mafi yawa baka da kibiya ag garesu, sunka ci yaƙi. Shekara na zagayowa, a Alwasa nan kusa da mu, jama'ar Shehun anka kora. Shi ya sa ban son in ji yaro bai yi shiri ba, bai nemi shawara ba, yana bugun ƙirji wai shi ne haki. Haki bai san shi haki ba ne. Dawuda ma sai da ya iya majajjawa wajen kiwo.

Malamin Zaure: Kaka ya gama magana. Babba ake faɗa wa ita, ko a faɗa bayan abu ya auku. Ƙarami ya faɗa da bakinsa, ta zama barazana.

Baban Ladi: Ni da a ce ni ne malamar, "saniyar da ba ta da wutsiya Allah ke kore mata ƙuda" zan kawo.

Na Jega: A'a Baba, wannan kariya ce, ba cin yaƙi ba. Saniyar ai ba ta kashe ƙudan ba. Hajiya, ki koma wa malamarku da duka biyun ranar Asabar, mu ji wadda za ta zaɓa.