Ajina ba ya cika sai an kusa fita tara, ranar Alhamis kuwa ba a magana

Malamin aji uku ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a wani ƙauye na ƙasar Gumel, ba nisa da Maigatari. Aji uku nake riƙe da shi, kuma a wannan zangon hedimasta ya ƙara mini da kula da masu latti. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a aikin nan, da kuma iyaye.

A rajistata akwai yara sama da 70. Bakwai da rabi ake kaɗa ƙararrawa, a yi shara, a yi asambuli, takwas a shiga aji. In na kira suna a lokacin, da ƙyar rabinsu ke amsawa. Sauran sai su yi ta sulalowa ɗaya bayan ɗaya har a kusa fita tara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafi da Turanci su ne a farkon jadawali, saboda an ce da safe kan yaro ya fi ɗauka. To wanda ya saba latti kullum su yake rasawa. Akwai yarinya a ajina mai kaifin kai ƙwarai, in aka zo Hausa ko addini babu mai kama ƙafarta, amma har yau ragewa mai aro tana ba ta wuya, don ba ta taɓa zama an fara darasin da ita ba.

Wannan latti ke nan. Fashi kuma labarinsa daban. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci. Maza su tafi riƙe wa iyayensu igiyar tumaki da awaki, ko sayar da ruwa, ko dako; mata su ɗauki tallan awara da dafaffiyar gyaɗa. Washegari Juma'a, an kwana da gajiya, ga shi da wuri ake tashi, sai a ce a bari kawai sai Litinin. Sati ya koma kwana uku. Da ruwan shuka ya sauka a zango na uku, aji ya watse. Zango na ɗaya kuma ya faɗo daidai girbin gero da yankan riɗi, daga baya ga ɓarar zoɓo wadda ake biyan yara kuɗi a hannu.

Abin da na tarar ana yi shi ne bulala da tsallen kwaɗo da tsintar leda. Ni dai abin da idona ya gani: makarantar ba katanga, don haka yaro in ya hango an tare masu latti sai ya laɓe a gona har a fita tara ya saje da 'yan'uwansa, ko ya yi zamansa can har a tashi ya bi ayari zuwa gida. A gida an san ya tafi makaranta, a rajista kuma babu shi. Wato dukan da ake yi don a hana latti shi yake mayar da mai latti mai fashi.

Me kuka gwada ya yi aiki? Kuma da wane baki zan tunkari uban da ya ce mini yaron nan shi ne hannunsa a gona?

Ɗan kasuwa daga Kano ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ni fa ban yarda da zancen ajiye bulala ba. Mu da aka daka a firamare ga mu nan, ba abin da ya same mu, kuma har yau ba na iya kai ƙarfe bakwai a kan gado. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma tsakani da Allah, ku malamai ƙarfe nawa kuke zuwa? Na taɓa kai yarana makaranta da kaina takwas saura, na tarar malami ɗaya ne tal a harabar, sauran sai wajen tara suka fara isowa a kan babura. Yaro ba wawa ba ne. In ya san ko ya yi sammako zama zai yi ana ta ihu a aji ba malami, me zai sa ya bar kokonsa ya taho? Ku fara gyara wannan, sannan ku ɗaga bulala da hujja.

Uwar biyar ta amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya. Alhaji mai maganar bulala, ka yi haƙuri, da ganin maganarka ba kai kake tashin yaran gidanka da safe ba.

Bari in gaya muku yadda safiya take a gidana. Da an idar da sallar asuba yara sun tafi makarantar allo, ba sa dawowa sai rana ta fito sosai. Su dawo a ba su jarka su tafi fanfon tuƙa-tuƙa, can kuma layi ne, manya su ture su. Kafin nan ni ina fama da icce, in damina ce jiƙaƙƙe. In akwai sauran tuwon jiya a yi ɗumame, in babu a jira mai koko. Babbar 'yata ita ke wanke ƙannenta ta sa musu kaya, shi ya sa kullum ita ce ƙarshen fita, ita ce kuma ke shan duka. Laifin me ta yi? Aikin da na sa ta ta yi.

Ba ina kare latti ba ne. Abin da ya rage mana shi a gidan nan abu biyu ne: ɗiban ruwa ya koma yamma bayan la'asar, yunifom kuma a wanke a shanya tun dare, a haɗa littattafai a jaka kafin a kwanta. Ban yi wannan ba sai da malamar ajin 'yata ta tako har gida, ta zauna a tabarma, ta tambaye ni me ke tsare yarinyar. Da takarda ta aiko ko saƙon faɗa ta bakin yarinya, wallahi da ba abin da zai canja. Kunyar zuwanta ce ta kama ni.

Sannan a faɗi gaskiya, lokacin da ake raba abinci a makaranta ba na ko tashinsu, su ke tashina. Yaron da ya fita da yunwa ba kuɗin tara a aljihu, ba ya ɗokin zuwa ko'ina.

Tsohon hedimasta ya amsa:

Malam, na fara koyarwa ba da daɗewa ba bayan UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, na kuma yi ritaya ina hedimasta, duk a makarantun ƙauye. Abin da ka lissafa babu baƙo a ciki.

Da farko ka raba matsalar gida biyu, latti da fashi, kada ka haɗa su a magani ɗaya. Mai latti yana son makaranta, wani abu ne ke riƙe shi. Kada ka kore shi, kada ka tsayar da shi a rana yana kallon darasi na wucewa. Ya shiga aji ya zauna, ka sa alama a gaban sunansa, in akwai horo a yi shi lokacin tara ko bayan an tashi, kamar ban ruwan bishiyoyi. Alhaji na Kano, ni ma na yi duka a zamanina, kuma na ga yaran da duka ya kora har abada. Su ba sa zuwa irin wannan wuri su ba da labari, mu da muka jure ne kaɗai ake jin bakinmu. Amma maganarka ta malamai gaskiya ce tsantsa. Littafin sa hannun malamai ni da kaina nake ja masa jan layi ƙarfe takwas saura kwata, duk wanda ya zo ya sa hannu a ƙarƙashin layin. Ba na cewa komai. Wata ɗaya ya isa.

Na biyu, rajista. Yawancin malamai suna cike ta ne don mai duba makarantu, wasu ma sai ƙarshen sati su zauna su yi ta zana alama. Ka kira suna sau biyu, da safe da kuma bayan tara, ka ga masu laɓewa a gona da masu gudu. Bayan sati uku ka zauna da ita ka karanta. Za ka ga ba duka ajin ne ke latti ba, wasu sunaye ne ke maimaituwa, kuma sau da yawa 'yan unguwa ɗaya ne ko almajiran malami ɗaya. Da ka gano haka aiki ya yi sauƙi, domin mutum ɗaya ko biyu za ka gani, ba iyaye 70 ba.

Malamin allo shi ne na farko. Ka je da kanka, da yamma, ka gaishe shi yadda ya kamata, kada ka je masa da takardar ofis. Ka roƙe shi ya riƙa sallamar 'yan boko da wuri, su cike karatunsu da yamma ko da dare. Ban taɓa neman wannan da ladabi an hana ni ba. Wanda ya je yana nuna karatunsa ya fi na alaramma, shi ne ke dawowa hannu rabbana. In ka samu liman ya ambata a masallaci, mai unguwa kuma ya sa baki, ka gama rabin aikin. Kwamitin SBMC na makarantarku, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta, an kafa shi ne don irin wannan, akwai mai gari da iyaye mata a ciki. In ya mutu a takarda ku tashe shi. Mata biyu masu faɗa a ji da za su zaga gidaje da safe sun fi monita goma.

Batun doka: dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole. Uban da ya ƙi, karo na farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Ka san da ita, amma kada ka shiga zauren mutum da ita a bakinka. Ranar da ka yi wa manomi barazanar kotu, ranar ka rasa yaransa duka har da na maƙwabcinsa.

Manomin da ya ce yaro ne hannunsa, gaskiya ya faɗa, ka fara da amsa masa haka. Sannan ku yi ciniki. Ranar shuka ba ta jira, wannan a bar masa, kwana biyu ne ko uku. Amma noma da roron wake ana iya yinsu bayan azahar da Asabar da Lahadi. Ni abin da nake cewa shi ne: ba ni shi daga takwas zuwa azahar, sauran yinin naka ne. Kuma in zai ɗauke shi ya aiko a faɗa mini. Uban da ya saba neman izini, da kansa yake fara jin nauyin yawan nema.

Alhamis kuwa ba za ka ci kasuwar Maigatari da yaƙi ba. Wani abokin aikina da ya yi koyarwa wajen Wudil haka ya sha fama da Juma'a, ranar da kasuwarsu ke ci. Kasuwar dabbobi ba ta cika da sassafe, don haka ka nemi su zo a yi darasi biyu na farko tukuna. Kada kuma ka fara sabon babi ranar, ka mayar da ita ranar bita.

Abincin da Hajiya ta ambata, shirin gwamnatin tarayya ne da aka fara a 2016, 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a lokacin. Ya cika ajujuwa, babu musu. Sai dai na ga yaran da ke zuwa da kwano daf da lokacin rabo su ci su tafi. Inda aka ce sai wanda ya amsa sunansa da safe zai karɓa, nan ne ya gyara latti.

Malama daga Damagaram ta amsa:

Gaisuwa ga maƙwabta. Mu a Nijar sai Oktoba muke komawa, a yi babban hutu daga ƙarshen Yuni, don haka shuka da noma ba su cika cin mana lokaci kamar ku ba. Namu ciwon a farkon shekara yake: ana buɗewa ana girbi, kuma makarantun da ajinsu na kara ne dole su jira a gama girbi a samu karan da za a kafa rumfunan. Sai ka ga Nuwamba ta kama ba a zauna sosai ba.

Abu ɗaya da nake yi, ko zai yi maka amfani: na haɗa yara rukuni-rukuni bisa unguwa, kowane rukuni da babba, su biya wa juna su taho tare. In ɗaya bai zo ba, kafin in tambaya an gaya mini dalili, ko zazzaɓi ne ko an aike shi. A watannin zazzaɓin cizon sauro wannan ya sha sa mun gano yaron da ke kwance ba a kai shi likita ba.

Malamin aji uku ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba hedimasta, na ɗauko rajistar na bi ta kamar yadda ka ce. Masu yawan latti kusan duk daga unguwar gabas suke, inda rijiyarsu ta ƙafe suke zuwa ɗiban ruwa bakin kasuwa, kuma malamin allonsu ɗaya. Zan je gaishe shi ranar Asabar tare da mai unguwa. Na kuma roƙi hedimasta a mayar da lissafi darasi na biyu a ajina kafin abin ya daidaita, ya ce zai duba.

Alhaji, maganarka ta malamai ta taɓa inda ke ciwo. Huɗu daga cikinmu daga Gumel suke tahowa kullum, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 suke haɗuwa biyu-biyu a babur ɗaya, in ɗaya ya makara duka sun makara. Baba, wannan jan layin, ƙaramin malami irina zai iya kai shawararsa ga hedimasta ba tare da abokan aiki sun ɗauke ni ɗan kai ƙara ba? Ko in bari ta fito daga bakin shugaban SBMC?