Neman shawara: yaya zan fassara kalmar "plunge" a labarai?

Sabuwar Mai Fassara:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kwanan nan na fara aikin fassarar labarai a wani gidan rediyo, kuma kalmar plunge ta hana ni sakat. Ƙamus ya ce faɗuwa ce ko nutso. To amma yau in ga "bus plunges into river", gobe "naira plunges", jibi "grid collapse plunges nation into darkness". Duk inda na sa "faɗi" sai labarin ya yi lami a kunne. Kalma ɗaya zan riƙe mata, ko kowane wuri da tasa? Kuma me ya raba ta da dive?

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki wahalar da kanki neman kalma ɗaya, babu ita. Abin da plunge ke nunawa shi ne abu ya tafi ƙasa ko ya shige ciki da ƙarfi, farat ɗaya. Ki fara duba me ya tafi, kuma ina ya nufa.

Mota ce? "Ta afka cikin kogi." Wuta ce? "Lalacewar babban layin lantarki ta jefa ƙasar cikin duhu." Kin ga a nan ba ƙasar ce ta faɗi ba, jefa ta aka yi, shi ya sa "faɗi" ta ƙi zama miki.

Inda nake so ki nutsu sosai shi ne labarin kuɗi. A watan Yunin 2023, da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji, dala ta tashi daga naira ɗari huɗu da wani abu zuwa sama da ɗari bakwai a kasuwar hukuma. Wannan kam "darajar naira ta faɗi warwas" ce, ba ƙari. Amma jaridun Turanci na son zuzuta kanun labari. Sau da yawa za ki ga plunge a sama, ki shiga ciki ki tarar ragin bai taka kara ya karya ba. Ki karanta alƙaluman kafin ki zaɓi kalma. In kika ce "warwas" da safe, kafin azahar mai shago a Kantin Kwari ya ƙara wa yadi kuɗi, kuma da muryarki zai kafa hujja. In ragin kaɗan ne, "ta ɗan yi ƙasa" ta wadatar.

Malamin Turanci:
Baba ya gama magana, sai dai in ɗan ƙara. Asalin kalmar daga Faransanci ta shigo Turanci, tushenta kuma plumbum ne na Latin, wato dalma. Ki tuna yadda dalmar da masunci ke ɗaura wa taru take jan sa ƙasan ruwa, ma'anar ba za ta sake ɓace miki ba. Daga tushen nan plummet da plumber suka fito. Sai dai plummet rikitowa ce kawai, ba a yi wa wani abu ita, alhali plunge ana yi: a tsunduma hannu cikin ruwa, a luma wa mutum wuƙa, a jefa iyali cikin bashi.

Ita kuwa dive, galibi da niyya ake yin ta, kai ne a gaba. In ta wuce, Ingila na cewa dived, a Amurka za ki ji dove, duka daidai ne.

Ɗan Kabi:
Ranki ya daɗe, ki zo Argungu lokacin bikin kamun kifi ki gani da ido. Ana buga bindiga, dubban masunta da homa da gora su ruga su afka kogin Matan Fada lokaci guda, ruwa ya yi sama. To wannan plunge ce. Wanda kuma ya riƙe numfashi ya yi ƙasa don lalubo giwan ruwa, nutso ya yi, dive ke nan.

Mai Sharhin Wasanni:
Anti, in aka ba ki labarin ƙwallo ki yi hattara. Dive a fili ba nutso ba ce, faɗuwar ƙarya ce don neman fenariti, kuma katin gargaɗi ake bayarwa a kanta.

Sabuwar Mai Fassara:
Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Saura guda: "she finally took the plunge", a labarin wata ma'aikaciya da ta ajiye aikin albashi ta buɗe shagon ɗinki. Babu ruwa ko kaɗan a labarin.

Tsohon Edita:
Karin magana ce, 'yata. Mutum ya daɗe yana jan ƙafa kan abu mai kasada, rannan ya yanke shawara ya yi. Turawa kan faɗe ta har ga mai shirin aure. Ki rubuta: "A ƙarshe dai ta yi ta maza, ta ajiye aikin ta buɗe shagonta." In kina ganin "ta maza" ba za ta yi wa wasu mata masu saurare daɗi ba, ki ce "ta rufe ido ta ajiye aikin". Ki karanta su duka biyun da ƙarfi kafin ki shiga ɗakin watsa shiri, wadda ta fi sauƙi a harshenki ita za ki miƙa.