Taƙaitawa: Tafarnuwa da Ƙwayoyin Ciwon Daji

1. A tattaunawar da aka yi kan ko tafarnuwa na yaƙar ciwon daji, kusan kowa ya yarda cewa sinadarin alisin, wanda ke samuwa idan an daka tafarnuwa, shi da danginsa masu farar wuta sun hana ƙwayoyin ciwon daji hayayyafa a farantin ɗakin gwaji, har sun kashe wasu.

2. An yi ta jaddada cewa faranti daban, jikin mutum daban, domin alisin ba ya daɗewa cikin jini.

3. Ra'ayi ya rabu kan gwajin yankin Linqu na ƙasar Sin, wanda aka fara a 1995, inda aka riƙa bai wa wasu mutane ƙwayoyin maganin tafarnuwa: wasu sun ɗauki raguwar mace-macen ciwon dajin ciki hujja cewa tafarnuwa na da amfani, wasu kuwa suka ce yanki ɗaya bai wadatar ba.

4. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ya tuntuɓi likita tukuna kafin ya fara shan tafarnuwa a matsayin magani, saboda haɗarin zubar jini.